Suturar Baba Tawfiq

"Sista Hidaya, ajiye wannan ki zo! Jini ya ɓalle a ɗaki na biyu!"

Hidaya tana ɗakin wanke kayan aiki, tana jera almakasai a tire, lokacin da abokiyar aikinta ta banko ƙofa da wannan magana. Ba ta tambayi wane ne a ɗaki na biyu ba, ai ta sani. Ita da kanta ta zauna jiya ta cire sunanta daga aikin ta sa na wata, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara goma sha bakwai da ta yi tana nas a sashen tiyata. Wanda ke kwance a can Baba Tawfiq ne, mai gyaran kujeru, wanda ƙofar ɗakinsa ke kallon tasu a gidan haya a unguwar Maamobi. Kuma ta yi masa alkawari ba za ta shiga ba.

"Dokta Adisa ce ta ce lallai ke. Ta ce ke ce mai ƙusoshi."

Da jin an ambaci ƙusoshi, Hidaya ta san irin jinin da ake magana. Ta jawo aljihun tebur na sama, ta ɗauko wani ɗan ƙunshi ta danƙa wa matar, ta nufi famfo ta fara wanke hannu har gwiwa.

Wannan tsoho, Allah ya jiƙansa, taurin kai ne da shi na bugawa a jarida. Shekara biyu yana zubar da jini in ya zaga, yana cewa basir ne. Ba mai maganin gargajiya a kasuwar Nima da bai sha jiƙonsa ba. Da ba don wata rana ya tashi daga bencin aikinsa Hidaya ta hango tabo a bayan rigarsa ba, da haka zai tafi ba wanda ya sani. Ta tasa shi gaba da faɗa har asibiti, aka duba, aka ce ciwon daji ne a dubura, sai an yanke. Ya yarda da wuƙa, ya yarda da komai, abu ɗaya ya ƙi.

"Ke ba za ki shiga ba," ya ce mata a bakin shagonsa, ƙusoshi uku a gefen bakinsa kamar kullum. "Ranar da aka haife ki ubanki yana Kumasi, ni na yi miki kiran salla a kunne. Likita baƙuwa ce, ta gani ta manta. Amma idon da zan haɗu da shi kowace safiya a bakin famfo, ban yarda ya gan ni a wannan hali ba. Ban yarda ba kraa, ko kaɗan."

"Baba, rufe mutum ake yi, ba a ganin komai sai wurin aiki."

"Na ji. Ki ce kin yi alkawari."

Ta yi. Ga shi yanzu tana tura ƙofar da kafaɗa, hannuwa a sama, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta.

Abin da ta fara gani kwalbar na'urar tsotsar jini ce, ta cika har an sa ta biyu. An lulluɓe shi da koren ƙyalle daga wuya zuwa ƙasa, ciki kaɗai ke buɗe. Sai babban yatsan ƙafarsa da ya leƙo ta gefe, mai baƙin farcen nan da guduma ta taɓa faɗa wa. Duk ɗakin wannan ne kawai ta shaida a matsayin Baba Tawfiq.

"A rufe masa ƙafa," ta ce, tana zura safar hannu.

Dokta Adisa gajeriyar mace ce, sai ta hau ɗan dandamali take kai ga teburin. Hannunta na dama ya nutse cikin cikin mutumin, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ina raba hanjin daga ƙashin baya jijiya ta yage, ta koma ciki. Zo ki karɓe ni, yatsana ya mutu."

A can ƙasan ƙugu, bayan dubura, akwai wasu siraran jijiyoyi kwance a jikin ƙashi. In ɗaya ta yage ba ta tsayawa a kama ta, zamewa take ta shige ramin ƙashin, jini ya yi ta ɓulɓulowa daga can kamar famfon da kansa ya karye. Ƙashi dai ba a ɗinke shi. In ka kai ƙarfen matse jijiya ko wutar ƙona ta a gaggauce, sai ka yaga ta kusa da ita, ɓarnar ta zama biyu. Wanda bai sani ba sai ya yi ta lalube cikin firgici har mutum ya ƙare a hannunsa. Wanda ya sani dannewa yake yi, ya tsaya cak, ya jira a mayar wa mara lafiya jinin da ya zubar.

Hidaya ta bi bayan hannun likita da nata, ta ji ɗumin jini ya rufe mata wuyan hannu, ta ji ƙashi, ta ji ɗan ramin. Ta ɗora yatsa a kai ta danna.

"Na samu. Cire naki."

Tafkin da ke ƙasan ƙugun ya daina hauhawa. Dokta Adisa ta yarfe hannu, ta dubi agogon bango.

"Minti ashirin ba wanda zai taɓa komai. Ina jini?"

"Leda ta uku ke shiga," in ji mai ba da maganin barci daga bayan labule. "Awon jininsa ya yi ƙasa sosai. Saura leda ɗaya irin nasa."

"A gaya wa 'yan'uwansa su ba da."

Nan kam ba a sha wahala ba. Rahim, ɗan Baba Tawfiq, direban motar haya ne, trotro, kuma tun safe ya ƙi ɗaukar fasinja, ya ciko motar da mutanen unguwa ya ajiye a ƙofar asibiti. Mutum goma sha ɗaya suka naɗe hannun riga a ranar, har da mai shayin bakin masallaci da ke suma in ya ga allura.

Minti ashirin da yatsa ɗaya a kan ƙashi ba wasa ba ne. Tun a minti na biyar kafaɗarta ta ɗauki zafi, a na goma yatsan ya daina jin komai. Ba ta motsa ba. Ta tuna alkawarin, ta ga ba ido kaɗai ba, hannunta ne tsundum a inda tsohon ya fi jin kunya a duniya. Abin ya yi mata ciwo, ba za a ce bai yi ba, amma ko kaɗan ba ta yi nadama ba. Ya tashi ya zage ni, ta ce a ranta, na yarda, ya dai tashi.

"Awo ya hau," in ji mai maganin barci.

"To. A buɗe ƙusoshin."

'Yan ƙusoshi ne masu faɗin kai, irin na manna takarda a allo, sai dai na ƙarfen da ba ya tsatsa. Hidaya ce ke dafa su don kashe ƙwayoyin cuta, tana sabunta ƙunshinsu duk wata. Shekara uku ba a neme su ba, har ana tsokanarta ana cewa ko kafinta za ta koma. Dokta Adisa ta ɗauki ɗaya, ta kai ta dab da yatsan Hidaya.

"In na ce uku ki zame. Ɗaya, biyu, uku."

Jini ya yi tsalle, likita ta danna ƙusar cikin ramin da babban yatsa, da duk nauyin jikinta. Ya ragu, bai tsaya ba. Hidaya ta sake dannewa a gefe, da ɗaya hannun ta miƙa ta biyu ba a tambaye ta ba. Ta biyun ce ta zauna daidai. Suka tsaya suna kallon wurin, aka goge, aka sake gogewa, bai cika ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Dokta Adisa, ita da ba a cika jin bakinta a wurin aiki ba.

Aka ƙarasa cire ƙarin. Abin da ya rage na duburar bai kai a sake haɗawa ba, don haka aka fito masa da bakin hanji ta gefen ciki na hagu, inda zai riƙa bayan gida a cikin leda. Da aka ga har yanzu gefe-gefen ƙugun na tsattsafo, likita ta sa aka naɗe manyan ƙyallen tiyata huɗu aka cusa su tam, aka rubuta huɗu a allo, aka rufe cikin da niyyar a dawo a cire bayan kwana biyu. A bakin famfo, suna wanke hannu, Dokta Adisa ta ce a hankali, "Na taɓa hantarsa, Sista. Ciwon ya riga mu can. Watanni muka samo masa, ba shekaru ba."

Bayan kwana biyu aka cire ƙyallen, huɗu cif, wuri ya bushe. Kwana na huɗu ya buɗe ido sosai, ya ga Hidaya tsaye tana duba ledar ruwa. Ya daɗe yana kallonta.

"Kin shiga?"

Da ta so, da ta ce a'a. Ba wanda zai ƙaryata ta, ko Rahim bai sani ba. Amma Hidaya ba ta iya ƙarya ba, duk Maamobi an san ta da wannan, shi ya sa ba kowa ke son tambayarta ra'ayi a kan ɗinki ba.

"Na shiga, Baba. Jini ne ya ɓalle. Da ban shiga ba da yanzu an yi addu'ar uku."

Ya juya fuska bango. Kwana uku tana gaishe shi ba ya amsawa. Ta kawo koko daga gida, ya ce wa Rahim ya gaya wa mai kokon ya ƙoshi. Tana fita ya shanye. A rana ta huɗu tana gyara masa matashi, ya yi magana yana kallon silin.

"Likita ta ce ƙusa biyu aka buga mini a ƙashi."

"Biyu ne."

"Wa ya buga?"

"Ita ta buga, ni na miƙa."

"Da guduma?"

"Da yatsa, Baba."

"Da yatsa!" Ya yi tsaki. "A miƙe suka shiga, ko a karkace?"

"Ta farkon ta ɗan kauce. Ta biyun a miƙe."

"Hm. Ta farko kullum haka take." Sannan ya ce, "Wannan ledar ta cikina, ban son Rahim ya gani. Ban son kowa ya gani. Ke da kika riga kika karya alkawari, sai ki ƙarasa aikinki."

Haka aka yi. Da ya dawo gida, kowace safiya kafin ta fita neman mota, Hidaya takan shiga ɗakinsa da 'yar jakarta ta saki labule. Ta canza ledar, ta goge fatar, ta ƙulle tsohuwar a baƙar leda ta fita da ita cikin jakar. Matan gidan sun ɗauka allura take masa. Shi kuwa ya koma sa manyan riguna, ya ce rama ce ta sa suka yi masa yawa. Makonnin farko har masallaci yana zuwa, yana dogara sanda. Daga baya idonsa ya yi rawaya, ƙafa ta kumbura, sai dai a fito masa da kujera bakin ƙofa ya zauna yana kushe aikin wanda ya karɓi shagonsa.

Wata safiya, tana ƙulle jaka, ya riƙe mata hannu.

"Zauna. Kin san shekara talatin ni ke zuba wa Malam Izzuddeen ruwa in ana wankan gawa a unguwar nan."

Ta sani. Malam Izzuddeen shi ne mai wankan maza, kuma amininsa ne tun suna samari. Kullum cikin tsokanar juna suke, ɗaya ya ce ɗaya ba ya iya karatu, ɗayan ya ce kujerun wancan na karya baya.

"Ke mace ce, ba ki ga namu ba, amma duk ɗaya ne. Ana rufe mutum daga cibiya zuwa gwiwa. Sannan a ɗan ɗago shi, a matsa ciki a hankali, abin da ya rage ya fita ta ƙasa, a ƙarƙashin zane, ba wanda ya gani." Ya ɗora hannu a gefen cikinsa na hagu. "Ni nawa ta ina zai fita?"

Hidaya ta dubi inda hannunsa yake.

"A gaban Izzuddeen. A gaban yaran da na koya wa riƙe buta. Mutuwar ba ta dame ni ba, wallahi, na shirya. Wannan ne ke hana ni sukuni."

"Ba wanda zai gani, Baba."

"Kar ki yi mini alkawari, na san alkawarinki."

"To ban yi ba. Amma ba wanda zai gani."

Ya yi dariya har ciwon ya katse shi.

Ranar wata Talata da hantsi ya cika, mako na bakwai da sallamo shi. Hidaya tana hutu, tana wanki a tsakar gida, ta ji Rahim ya ɗaga murya da salati. Kafin ta ɗauraye kumfa matan gida sun cika ƙofar, wani ya riga ya ruga kiran Malam. Ta shiga ɗakinsu ta ɗauko jakar, ta ratsa su.

"Rahim, fito. Ba ni minti goma."

Mma Latifatu, wadda ta fi kowa shekaru a gidan, ta tare ta da hannu. "Ke Hidaya, lafiyarki? Mace ita kaɗai a kan gawar namiji, ba ubanki ba, ba mijinki ba? Yaushe aka taɓa yi?"

"Mma, akwai kayan asibiti a jikinsa. In ban cire ba, ba mai iya cirewa. Ko ke za ki cire?"

Mma Latifatu ta janye hannu tana gunaguni. Rahim ya dubi Hidaya, idonsa jawur, ya fito ya ja mata ƙofar da kansa, ya tsaya a bakinta.

Ciki shiru, sai ƙarar rediyon maƙwabta ta bango. An riga an rufe masa ido, an ɗaure haɓa. Ta ce, "Baba, ni ce," kamar yadda take cewa kowace safiya, sannan ta ɗaga rigar iya inda ta saba. Ta cire ledar. Ta tallafo shi da hannu ɗaya, ya yi sauƙi kamar yaro, ta yi bisimilla ta matsa cikin a hankali, daga sama zuwa ƙasa, sau uku, yadda ya kwatanta mata. Ta tare abin da ya fito, ta goge, ta sake gogewa har ya yi fes. Ta cusa auduga tam, ta ɗinke bakin da zare, ɗinki huɗu ƙanana, ta manna babbar filasta wadda ruwa ba ya ratsawa. Sai da ta ja rigar ta rufe shi hawayen suka zo, ta bar su suka zuba, don tana son tsohon nan ƙwarai, da taurin kansa da komai. Ta share fuska da gefen mayafi, ta ƙulle jakar ta fito.

Malam Izzuddeen ya shigo gidan ke nan da mutum biyu a bayansa, ɗaya da bokiti, ɗaya da farin yadi. Dogon tsoho ne, yau kuwa ya ranƙwafa. Ba al'ada ba ce mace ta tare mai wanka ta gaya masa yadda zai yi aikinsa, amma Hidaya ta sha gabansa a bakin famfo, ta rusuna.

"Malam, Baba ya bar saƙo."

"Ina ji, 'yata."

"A ja zanen sutura har ƙirji, kar a sauke. Kuma kar a matsa ciki, an riga an yi." Ta shirya dogon bayani tun makonni, wanda ba ƙarya a ciki kuma ba tonon asiri, yanzu duk ya tsere mata. "Saboda aikin da aka yi masa ne, wurin yana da..."

"Ban tambaye ki ba."

Ta ɗago.

"Shekara arba'in kafaɗarsa na jikin tawa a sahun gaba," in ji Malam, yana kallon bokitin. "Ya dawo daga asibiti ya koma ƙarshen sahu, jikin taga, shi kaɗai. Shi ma ban tambaye shi ba."

Ya naɗe hannun riga, ya juya ga mutanen biyu. "Kai ka tsaya ta kai, kai kuma ta ƙafa. Ruwa kawai za ku zuba in na ce. Tsakiya nawa ne." Suka shiga, aka rufe ƙofa.

Hidaya ta zauna a kan bencin da ke jikin bango, jakar a cinyarta, ta ɗora hannu biyu a kai. Mata na ta shigowa da gaisuwa, ana shimfiɗa tabarmi, a waje an fara jera kujerun roba a lungu. Daga cikin ɗakin ba a jin komai sai muryar Malam ƙasa-ƙasa yana cewa, "Zuba." Can ruwan ya fito ta ƙarƙashin ƙofa, ya bi 'yar kwatar siminti ta tsakar gida, ya zo ya wuce ta gaban ƙafafunta. Ta sunkuya ta dube shi da kyau. Fari ne tas, da 'yar kumfar sabulu a kai. Ta bi shi da ido har ya fice ta ramin bango.